Yaro Mai Ƙin Abinci: Kada A Yi Masa Ɗura

Maganarmu ta yau a kan yaro ce ɗan shekara 1 zuwa 3, wanda ya fara ƙin abinci.

Da wuya mako ya wuce wata uwa ba ta zo mini da wannan kuka ba. Sai ta ce, "Malam, dā yaron nan ba ya ƙin kome, yanzu kuwa in na kai masa tuwo sai ya kau da kai." In na duba yaron sai in ga idonsa garau, yana ta ƙiriniya. In na ɗora shi bisa sikeli, nauyinsa daidai.

To, ga dalili. Jariri yakan zo duniya da nauyin kilo 3 ko kusa da haka. Kafin ya shekara nauyin nan ya ninka uku. Amma a shekara ta biyu abin da yakan ƙara kilo 2 ne zuwa 3 kaɗai. Watau girma ya rage sauri, don haka ci ma sai ya ragu. Ga shi kuma ya fara tafiya, wasa ya ɗauke masa hankali, ya kuma gane yana iya cewa a'a. Yau ya cinye wake, gobe ya tofar. Wannan ba ciwo ba ne, ba kuwa kambun baka ba ne.

Abin da na ke roƙonku, kada ku yi masa ɗura. Kun san yadda a ke yi: a danne yaro a cinya, a toshe masa hanci, a zuba masa kunu. Yaro yana kuka yana neman numfashi, sai kunun ya bi maƙogwaro ya shiga huhu. Daga nan ciwon huhu ke kama shi, wani ma nan take ya shaƙe, rai ya yi halinsa. Wanda ya tsira kuwa, da ya ga ludayi sai ya fashe da kuka.

Ga abin da ya kamata. Cikin yaro ƙarami ne, kofi guda ya cika shi. Sai a ba shi abinci sau 3 ko 4 a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar ayaba ko gwanda. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, gama in ya sa hannu tare da yayyensa ba wanda zai san abin da ya ci. Kunu ya zama mai kauri, a sa masa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin waken suya. A miya a sa manja, da zogale, da kifi ko ƙwai. Kada a ba shi gyaɗa ɗaiɗai, tana shaƙe yara. Alewa da biskit da lemon kwalba kuwa su ke kashe masa ci. In ya ƙi sabon abu, a ɗauke ba faɗa, a sake kawowa wata rana. Wani abincin sai an kawo shi sau 10 ko fiye kafin yaro ya yarda. Nono kuma a ci gaba da ba shi har shekara 2.

Amma fa akwai ƙin abinci na ciwo. In yaro yana zazzaɓi, ko zawo, ko bakinsa ya yi miki, ko ya daina wasa yana ramewa, a kai shi asibiti. In ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, wannan tamowa ce. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana irin wannan ciwo a 1933 a ƙasar da yanzu a ke kira Gana, ta ga yawanci bayan yaye ya ke kama yara, waɗanda aka bari da kokon masara zalla. Irin wannan yaro kada ya kwana a gida.

Ku riƙa kai yara awon nauyi. Sikeli shi zai gaya muku gaskiya, ba kwano ba. In nauyi yana hawa, uwa ta kwantar da hankalinta.

Allah ya raya mana su. Sai wani mako.