Hoton bango da bindiga: labarin ƙungiyar Medu a Gaboron



A daren 14 ga watan Yuni na 1985, sojojin Afirka ta Kudu suka ƙetare iyaka cikin motoci suka shiga Gaboron, babban birnin ƙasar Botsuwana, suka buɗe wuta a kan wasu gidaje. Kafin gari ya waye mutum 12 sun mutu. A cikinsu har da Thami Mnyele, ɗan shekara 36, wanda sana'arsa zane ce. Sojojin suka kwashe zane-zanen da suka tarar a ɗakinsa suka tafi da su. Gwamnatin da take da jiragen yaƙi da tankoki, me ya haɗa ta da mai fenti da takarda? Wannan ita ce maganar da ta tara jama'a yau.

Mnyele ɗan ƙungiyar Medu ne. Ma'anar kalmar a harshen Sepedi ita ce saiwoyi. Ƴan gudun hijira ne suka kafa ta a ƙarshen shekarun 1970, bayan kisan da ƴan sanda suka yi wa ɗalibai a Soweto ranar 16 ga Yuni 1976, abin da ya sa matasa da yawa suka bar ƙasarsu. Cikin waɗanda suka aza harsashinta akwai marubucin waƙoƙi Mongane Wally Serote. Manyan makaɗa irin su Jonas Gwangwa da Hugh Masekela sun yi aiki tare da ita. Tana da sashen kiɗa, da na wasan kwaikwayo, da na ɗaukar hoto, da na ɗab'i, amma abin da ya fi ratsa iyaka shi ne aikin sashen zane, wato manyan takardun nan masu hoto da ƴan kalmomi da ake mannawa a bango. Gaboron kuwa ƴan kilomita kaɗan ne tsakaninta da iyakar Afirka ta Kudu. Sai a naɗe takardun a ɓoye cikin kayan matafiya, su kwana a Soweto ko Alexandra, unguwar da aka haifi Mnyele.

Ya kamata a tsaya a kan yadda ake yin aikin, domin a nan ne sirrin yake. Ba su da babbar na'urar ɗab'i. Abin da suke da shi katako ne mai kusurwa huɗu wanda aka ɗaure wa ƙyalle mai laushi, kamar rariyar tankaɗe. Mai zane zai toshe duk inda ba ya son tawada ta wuce, ya bar siffar hoton a buɗe, ya aza katakon a kan takarda, ya zuba tawada, ya ja ta da faffaɗar roba. Kowane launi da nasa ƙyallen, da nasa jan. Hoto mai launi uku, idan ana son ɗari biyu, hannu zai ja roba sau ɗari shida, kuma tsakanin launi da launi sai an jira takarda ta bushe. Shi ya sa ba a yin almubazzaranci: launi biyu ko uku, galibi baƙi da ja, siffa guda babba, kalmomi da ba su wuce a karance su cikin numfashi ɗaya ba.

To, wannan talauci na kayan aiki sai ya dace da halin wanda aka yi wa hoton. Ma'aikacin da ya fito da asuba yana sauri ya kama jirgin ƙasa zuwa Johanasbag ba shi da damar tsayawa gaban bango, don tsayawar kanta na iya jawo masa tambayar ɗan sanda. Kallo ɗaya zai yi ya wuce. Kuma mai yiwuwa kafin azahar an yage takardar. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa rubuta allon shagonsa ya san wannan lissafi: mai wucewa ba ya karanta dogon bayani. Bambancin kawai, a can wanda aka kama da takardar yana iya kwana a kurkuku, domin hukumar tace ɗab'i, a ƙarƙashin dokar 1974, ta haramta da yawa daga cikin hotunan Medu.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne na 1981, wanda Judy Seidman, haifaffiyar Amurka, ta zana. Mace ce baƙar fata ta ɗaga dunƙulallen hannu, sarƙar da ke wuyan hannun ta tsinke. An yi shi ne don tunawa da ranar 9 ga Agusta 1956, lokacin da mata wajen 20,000 suka yi tattaki zuwa fadar gwamnati a Piretoriya don ƙin dokar da ta tilasta musu yawo da takardar izinin zirga-zirga. Kalmomin da ke jikin hoton daga waƙar da matan suka rera a ranar aka ɗauko su. Abin lura, matar da ke cikin hoton ba shugaba ba ce, ba ta da suna. Kowace mai wanki a gidan Bature tana iya ganin kanta a ciki. Wannan ya sha bamban da hotunan da aka saba gani lokacin zaɓe, inda fuskar ɗan takara take cika takarda, a nemi abin da zai yi wa talaka a rasa.

A gaskiya dokar ƙasar ma ta taimaka wajen wannan, ba da son ranta ba. An hana buga hoton ɗan kurkuku, saboda haka shekara da shekaru mutane ba su san yadda fuskar Nelson Mandela ta koma ba. Da aka rufe ƙofar fuska, sai masu zane suka koma ga matsalar kanta: korar mutane daga gidajensu, hukuncin rataya, takardar izini, ilimin ƙasƙanci da ake bai wa ƴaƴan baƙaƙe.

Akwai kuma wata al'ada tasu da ba kowane mai fasaha zai jure ba. Ba a sa hannun mutum ɗaya a kan hoto, sunan ƙungiya ake sawa. Ana kawo zane gaban ƴan'uwa a yi ta muhawara a kansa, a ce a canza kalma, a ce wannan hannun bai nuna ƙarfi ba. Har sunan "mai fasaha" ba su so, sun fi son a ce musu ma'aikatan al'adu. Masu suka sun ce wannan hanya tana danne basirar mutum, tana haifar da dunƙulallen hannu iri ɗaya a kowane bango. A 1989 Albie Sachs, wanda shi kansa jigo ne a ANC, ya fito da irin wannan ƙorafi game da fasahar gwagwarmaya baki ɗaya. Maganar tana da ƙanshin gaskiya. Sai dai rashin sa hannu kariya ce ga mai zanen da danginsa suke cikin ƙasa, kuma muhawarar ce take gwada hoto a idon mutane kafin ya isa titi.

A watan Yuli na 1982 Medu ta shirya babban taro a Gaboron a kan al'adu da gwagwarmaya, ɗaruruwan masu zane da makaɗa da marubuta suka zo daga cikin Afirka ta Kudu. Suka koma gida da sana'ar a hannunsu. Ba da jimawa ba aka buɗe wuraren koyar da wannan ɗab'i a Johanasbag da birnin Kef, inda ƙungiyoyin ƙwadago da na unguwanni da na ɗalibai suke zuwa su buga nasu da kansu. Da aka kafa haɗakar UDF a watan Agusta na 1983, ta tarar da hannaye a shirye. Daga nan abin ya fi ƙarfin mai yagewa.

Ba za a ɓoye ba, wasu ƴan Medu, har da Mnyele, suna yi wa ANC aiki a asirce, kuma da wannan ne Piretoriya ta kafa hujjar harin 1985. Kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya bai karɓi hujjar ba: a ƙudurinsa mai lamba 568 ya yi tir da harin. Cikin matattun akwai Mike Hamlyn, ma'ajin ƙungiyar, da wani yaro ɗan shekara 6. Medu ba ta sake tashi ba; sauran ƴaƴanta suka watse zuwa Zambiya da wasu ƙasashe.

An sako Mandela a 1990, aka yi zaɓen gama-gari a 1994, ranar 9 ga Agusta ta zama ranar hutu ta mata a ƙasar. A 2004 aka tono gawar Mnyele daga Gaboron aka sake binne ta a Tembisa, kusa da Johanasbag. A 2019 gidan adana kayan fasaha na Cikago, a Amurka, ya baje kolin hotunan Medu da suka tsira. Amma zane-zanen da sojoji suka kwashe daga ɗakin Mnyele, waɗanda jami'an tsaro suka nuna a talabijin bayan harin a matsayin shaidar ta'addanci, tun daga lokacin ba a sake ganin su ba.