Yaro Ba Ya Faɗin Inda Ke Masa Ciwo

  

Maganarmu ta yau a kan yara ce, 'yan ƙasa da shekara 5. Babba in ba shi da lafiya, yakan buɗe baki ya ce ga inda ke damunsa. Yaro kuwa sai kuka da zafin jiki. Shi ya sa a ƙauyukanmu kusan kowane ciwon yaro muke ce masa zazzaɓi ko haƙori. Amma zafin jiki ba ciwo ɗaya ke kawo shi ba. Cizon sauro yana kawo shi, haka ciwon huhu da ake kira limoniya, haka ƙyanda da sanƙarau. Kowanne da maganinsa.

A shekarun 1990, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fito da tsarin duba yaro tun daga kai har ƙafa, wanda ake koya wa ma'aikatan lafiya. Yawancin abin da ke cikinsa ido ne da hannu da agogo. Saboda haka mu ma za mu iya koyonsa, domin mu san lokacin da zama a gida ya ƙare.

Da farko akwai alamomi huɗu na haɗari: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da aka ba shi, jikinsa yana jijjiga, ko ya yi laushi har ana tashinsa da ƙyar. Ɗaya daga cikinsu ta isa. Ba a jiran gari ya waye, ba a biyawa ta kemis. Mu yi addu'a muna kan hanyar asibiti. In jijjiga ce, a kwantar da shi a gefensa. Kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa komai, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, zafin jiki kaɗai, ko sanyin jiki, ko ƙin kama nono ya isa a tashi.

Na biyu, tari. Yawancin tari mura ce, takan wuce da kanta. Yadda za mu bambanta ta da limoniya shi ne ƙirga numfashi. A bar yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a duba agogon waya, a ƙirga na minti ɗaya cur. Tashin ciki da saukarsa numfashi ɗaya ke nan. Jariri ƙasa da wata 2, in ya kai 60, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, 50 ne. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ne. In kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki lokacin da yake jan iska, a kai shi a ranar. Maganin tari na kwalba ba ya warkar da limoniya. Ma'aikacin lafiya ne zai rubuta maganin da ya dace, a kuma sha shi har kwanakin su cika.

Na uku, gudawa. In yaro ya yi kashi ruwa-ruwa sau 3 ko fiye a rana, kada mu ce haƙori ne. Abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Mu duba: idanunsa sun zurma? Maɗigarsa ta faɗa? In an ja fatar cikinsa an saki, tana jinkirin komawa? Faɗawar maɗiga ƙishirwa ce, shafa magani a ka ba zai tashe ta ba. A zuba ƙullin ORS ɗaya a cikin adadin ruwa mai tsabta da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba shi da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo. Tun 2004 aka ba da shawarar a haɗa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Nono da kunu kada a yanke. In an ga jini a kashi, ko yaro ya kasa sha, sai asibiti.

Na huɗu, zazzaɓi. Yanzu ana gwada shi da ɗigon jini daga yatsa, cikin kamar minti 20 an sani. Mu roƙi a gwada kafin a ba da magani. Tun 2005 Najeriya ta bar dogara ga kulorokwin domin ya daina aiki yadda ya kamata, ta koma ga maganin da ake kira ACT, na kwana 3. Kuskuren da ake yawan yi shi ne, yaro ya tashi wasa a rana ta biyu, sai a ɓoye sauran don ƙanensa. Ciwon zai dawo. In gwaji ya nuna ba cizon sauro ba ne, kada mu yi fushi da ma'aikacin lafiya, a bar shi ya nemi ainihin abin da ke damun yaron. Mu kuma buɗe tafin hannunsa: in ya yi fari fat, jininsa ya yi ƙasa. In wuyansa ya sandare, a gaggauta.

Na biyar, tamowa. Daga wata 6 ana auna damtsen yaro da tsiri mai launi. In ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, yana bukatar kulawar asibiti. Kumburi ba ƙiba ba ce.

Iyayenmu maza, ga namu rabon. Sau da yawa uwa ta riga ta ga alamar, amma tana jiran maigida ya dawo, ko tana jiran kuɗin babur. Wannan jiran ne ke cinye yara. Mu ba matanmu izini tun yau, mu ajiye ɗan kuɗin da ba a taɓawa. Zumuntar Mata da dattawa su zauna su san babur ɗin wa za a tasa cikin dare, su buɗe asusun da za a ranta daga ciki a biya bayan girbi. In za a tafi, a ɗauki katin rigakafi da kwalin duk maganin da aka riga aka ba yaron.

Kafin mu watse, kowace uwa ta ɗauki ɗanta a cinya, mu ƙirga numfashi tare. Wadda ta iya ta koya wa maƙwabciyarta. Allah ya raya mana su.