Yadda A Ke Sarrafa Hanyoyin Saƙo Na Zamani

Jawabi ga Hakimai da malamansu na ƙasar Babura, da Kazaure, da Roni, da Gwiwa

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wani sabon ilmi wanda ya shafi wayar da ke cikin aljihun kowane talaka.

Tun shekara ta 2001 da aka fara wayar hannu a Nijeriya, harkokin jama'a su ka rataya a kanta. Da ita falke ya ke jin farashin riɗi, da ita a ke aika kuɗi, da ita kuma Dagaci ya ke sanar da Hakimi in wani abu ya auku da tsakar dare. Sabo da haka ya kamata shugabanni su san hanyar da saƙon nan ya ke bi.

YADDA SAƘO YA KE TAFIYA

Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Na'ura ta kan yanyanka shi ƙunshi ƙunshi, ta rubuta adireshi a goshin kowanne. Ƙunshin nan su kan ratsa akwatunan rarraba saƙo masu yawa kafin su isa. Kowane akwati yana da aiki iri biyu. Na fari shi ne shawara, watau zaɓen hanyar da ta fi dacewa. Na biyu shi ne aikatawa, watau duban adireshi, a gwada shi da abin da ke cikin littafi, a miƙa ƙunshi ta ƙofar da littafin ya faɗa.

A tsohon tsari, ayyukan nan biyu suna kulle cikin akwati guda, kamfanin da ya ƙera shi kaɗai ke da mabuɗi. Kowane akwati ya kan yi shawararsa bisa ga labarin da maƙwabtansa su ka ba shi. In ana son canja doka, sai ma'aikata su bi akwatunan ɗaya ɗaya suna gyarawa. Misalinsa kamar a ce kowace gunduma tana da nata tsarin haraji, ba majalisar da ke duban ƙasa duka.

SABON TSARI

A shekara ta 2008 waɗansu malaman jami'o'in Amurka, musamman na Jami'ar Stanford, su ka fito da wata ƙa'ida mai suna OpenFlow. Dabararsu ita ce a raba shawara da aikatawa. Shawara ta koma hannun manhaja guda wadda ke ganin hanyoyi duka, kamar yadda majalisar Sarki ke ganin gundumomi. Akwatunan kuwa su ka zama kamar malaman ofis, suna aiki da umurnin da aka aiko musu. In ƙunshi ya zo wanda babu dokarsa cikin littafi, akwati ya kan iya tambayar sama, a aiko masa da amsa.

Kamfanin Google ya gwada wannan a hanyoyin da ke haɗa manyan rumbunansa na duniya. A rahoton da ya bayar a 2013 ya nuna cewa a da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfin irin waɗannan hanyoyi a kan mora, amma da sabon tsari ya kai kimanin kashi 70, waɗansu ma su ka kusa cika.

Duk da haka akwai sauran aiki. Malamai sun san littafin haraji wanda aka bugo da layukansa: gurbin suna, da na unguwa, da na kuɗi. Malami yana cika gurabe, amma ba shi da ikon ƙara sabon gurbi. Haka OpenFlow ya ke. A shekara ta 2014 aka fito da wani harshe na umurtar na'ura mai suna P4, wanda ya ba mai hanya ikon jan layukan littafin da kansa. Da shi zai gaya wa akwati abin da zai karanta a goshin ƙunshi, da abin da zai yi da shi, ba tare da jiran kamfani ya ƙero sabon akwati ba.

AMFANI DA HATSARI

Ran 14 ga watan Maris 2024 igiyoyin saƙo huɗu na ƙarƙashin teku su ka lalace daura da ƙasar Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni a Nijeriya, masu hulɗa da banki su ka sha wuya. A irin wannan rana, wanda ke ganin hanyoyi duka ya fi saurin karkatar da saƙo zuwa inda ke da sarari. Amma manhaja ba ta haƙa sabuwar hanya. In igiya ɗaya tak ta shigo gari, aka datse ta, magana ta ƙare.

Har wa yau, tara iko wuri guda yana da nasa hatsari. In mai ba da umurni ya yi kuskure, ko ɓarawo ya shige shi, ɓarnar ta game ko'ina. Don haka a kan ajiye masu ba da umurni fiye da ɗaya, a kuma tsare su ƙwarai.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

Na ɗaya, a tsare kayan. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kayan ƙasa waɗanda doka ta kare. Lalle ne Dagatai da Masu Unguwa su sa ido ga masu haƙa a gefen titi, da masu satar batir da mai a gindin dogayen ƙarafan waya.

Na biyu, a tura yara makaranta, maza da mata. A 2021 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a nan Babura, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure. Mai son wannan ilmi ya fara da lissafi da Turanci, sa'an nan ya san yadda a ke yi wa na'urori adireshi, sa'an nan ya koyi rubuta umurni. Ba sai ya sayi akwati mai tsada ba. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Mininet wadda ke kwaikwayon akwatuna masu yawa cikin kwamfuta guda, ɗalibi ya gina, ya rushe, ba hasarar ko kwabo.

Na uku, malamai su gargaɗi ɗalibai su riƙe asalin ilmin, kada su dogara ga kayan kamfani guda. Kamfanin Intel ya sayi masu ƙera na'urar Tofino mai aiki da P4 a 2019, amma a 2023 ya daina ci gaba da ita. Wanda ya fahimci asali, kowane akwati ya zo zai iya da shi.

Ƙasar da ba ta da 'ya'yan da su ka san wannan aiki, tilas ta jira baƙo ya zo daga nesa duk ran da hanya ta toshe. Da tsohuwar zuma a ke magani, sabo da haka a ke neman Hakimai su shige gaba. Allah ya ba da ikon aikatawa, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.