Maganin Ƙwari da Kifin Kiwo: Jan Kunne Ga Manoman Lambu

 

Maganar ruwa ce ta kawo ni gabanku yau. Da yawa daga cikinmu da suka baro gida zuwa Ikko da Ibadan da Shagamu, noman lambu suka kama a bakin rafi. Sau da yawa kuwa, can ƙasan rafin akwai maƙwabci mai kiwon tarwada ko karfasa, kamar yadda ake yi a Ikorodu da Eriwe ta Ijebu-Ode. Ruwan da ya ratsa lambunmu shi ne yake gangarawa kududdufinsa.

To, jama'a, kifi daga cikin ruwa yake shaƙar iskar da yake rayuwa da ita, saboda haka duk dafin da ya narke a ruwa sai ya shiga jininsa. Magunguna irin su dichlorvos, wanda muka fi sani da Sniper, jijiyoyin kifi suke bugawa, sai a ga yana juyi kamar mai maye, ya kasa tsayawa daidai, ya mutu. Cypermethrin da ake fesa wa tumatir da wake kuwa, ɗan kaɗan ya isa ya halaka ƙananan kifaye. Wanda ya tsira ma ba ya cin abinci sosai, ba ya girma, hantarsa ta lalace.

Dattawanmu za su tuna da Gamalin 20 na gonakin koko, wanda wasu suka riƙa zubawa a kogi don kama kifi. Irinsa ba ya saurin ruɓewa, a kitsen kifi yake taruwa har ya iso tukunyarmu. Dalili ke nan da ya sa ƙasashen duniya suka sanya shi cikin haramtattun magunguna a 2009, ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm, endosulfan kuma ya biyo baya a 2011.

Saboda haka ina roƙonku abu huɗu. Kada a wanke injin feshi a rafi. Kada a jefa kwalbar magani a ruwa. Kada a yi feshi in hadari ya haɗo ko iska na kaɗawa. Sannan a bar tazarar ciyawa tsakanin lambu da bakin ruwa.

'Yan'uwa, mai kiwon nan wata biyar ko shida yake ciyar da kifinsa, wani ma da kuɗin bashi. In ya wayi gari ya tarar da su birjik a kan ruwa, ba sunan mutum ɗaya zai kira ba, cewa zai yi Hausawa ne. Mu baƙi ne a nan, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah Ya albarkaci nemanmu, Ya mai da mu gida lafiya. Wassalam.