Jawabi ga makiyaya: mu bar ɗiyanmu su yi karatun sanin al'umma

 

Abin da ya tara mu yau tambaya ce da wani dattijo ya kawo mana. Ɗansa ya ci jarrabawar baka, ya ce zai tafi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya karanta antoropoloji. Uban ya ce ya san likitan dabbobi, ya san alƙali, amma wannan me ake ci da shi? Ya ce ba zai sai da bijiminsa a kan karatun da bai san kansa ba.

Mu kanmu ba mu wuce firamare ba, amma aikin ƙungiya ya sa mun zauna da masu wannan ilimi. Karatu ne na sanin yadda mutane ke zaman duniya: aurensu, gadonsu, yadda suke raba ruwa da ciyawa, yadda suke sasanta rigima. Mai yin sa yana barin aji ya zo ruga ya kwana, ya bi garke, ya yi tambaya, ya rubuta. Digiri na farko shekara 3 ne, na biyu shekara 2.

Jama'a, an daɗe ana rubuta mu. Wani Bature, Derrick Stenning, ya fitar da littafi kan Woɗaaɓe na Barno a 1959. Wata Bafaranshiya, Marguerite Dupire, ta fitar da nata kan Woɗaaɓe na Nijar a 1962. Edmond Bernus ya yi shekaru yana rubuta rayuwar Abzinawa. Ba mu raina aikinsu ba, amma dukansu baƙi ne. Namu na gida da za mu nuna shi ne marigayi Diouldé Laya, Bafillacen Tamou, wanda ya shugabanci cibiyar tattara tarihin baka ta Yamai, ya kuma yi rubutu kan haɓɓanaye.

Ku dubi amfanin rubutun. Haɓɓanaye al'adarmu ce: ka ba wanda ya rasa aron saniya, ta haihu gare shi, ya riƙe 'ya'yan, ya maido uwar. Da aka rubuta ta, masu ba da agaji suka ɗauke ta wajen maido wa mutane garke bayan fari irin na 1984.

Ku dubi kuma illar rashin sani. Bayan samun 'yancin kai an haƙa fanfuna a yankin kiwo, aka ce ruwan na kowa ne. Ba a tambayi yadda mai rijiya ke ba baƙo kwanaki ƙidayayyu ya shayar ya wuce ba. Garkuna suka taru wuri guda, ciyawa ta ƙare, rigima ta tashi. Masu bincike ne suka nuna haka daga baya.

Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Dokar karkara ta fito a 1993. Sai a 2010 aka samu dokar kiwo da ta ce tafiya da bisashe hakki ne na makiyayi. Kafin a kai nan sai da aka yi ta kawo hujja a rubuce cewa tafiyarmu dabara ce ta bin ruwa da ciyawa. Ranar da aka toshe burtali, takarda ake tambaya a gaban hukuma. Wa zai rubuta mana ita?

Ba za mu ɓoye muku ba, wannan karatu ba ya ba da aiki nan take. Wasu na samu a cibiyoyin bincike kamar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, wasu a ƙungiyoyi, wasu kuwa sai sun jira. Saboda haka ga abin da muke roƙo:

Na ɗaya, kada uba ya hana ɗa ko ɗiya don bai san sunan karatun ba. Ya zo mu bincika tare.

Na biyu, ɗalibi ya riƙe Fulatanci ko Tamajak ɗinsa, ya yi hutu a ruga. Wanda ya manta sunayen ciyayi ba shi da abin da zai fi baƙo da shi.

Na uku, duk mai binciken da ya zo gare ku, ku karɓe shi da mutunci, ku tambaye shi wa ya aiko shi da inda maganarku za ta. Ku nemi ya komo ya karanta muku abin da ya rubuta cikin harshen da kuke ji.

Fatake, ku da ke da kuɗi a hannu, ku taimaka da na mota da na littattafai. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye bisashenmu. Wassalam.