Jawabi Ga Hakimai A Kan Gobarar Fetur

Yandaka da Maradi, da ku malaman Dutsin-Ma da Kurfi.

A cikin fetur, ƙwayoyin zarra na kabon da haidurojin sukan ɗaure da juna ta hanyar tarayya a kan ƙwayoyin lantarki bibbiyu, kamar maƙwabta masu katanga ɗaya. Lewis, wani masani Ba'amurke, shi ya bayyana irin wannan ɗauri a 1916.

Ɗaurin cikin kowane dunƙule da ƙarfi yake, amma tsakanin dunƙule da dunƙule sako-sako ne. Shi ya sa fetur ke saurin zama tururi mai kama wuta. Kuma ba ya gauraya da ruwa, tasowa yake bisansa, ruwan ya yaɗa gobarar.

Saboda haka a umarci dagatai su yi shela ran kasuwa: a toshe bakin garwa, a nisanta ta da fitila, in wuta ta kama a zuba yashi.