Kanwa da Maganin Ƙarancin Fotasiyam

Hausawa kan ce suna linzami ne, to amma wani sunan yakan ɓad da mai binsa. Misali shi ne kanwa, wadda aka saba fassarawa da potash a Turanci. Daga wannan kalma aka ciro sunan fotasiyam, sinadarin da Humphry Davy ya fara warewa a 1807. Alhali kuwa kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Cadi galibinta gishirin sodiyam ce.

Wannan ruɗani yana da hatsari. Idan fotasiyam ya gaza milimol 3.5 a litar jini, yawanci saboda zawo, amai ko maganin sa fitsari, sai jiki ya saki, bugun zuciya ya rikice. Likita kan ba da fotasiyam kulorayid, ƙwaya ko na ruwa, a sha bayan cin abinci, kana a riƙa auna jini, domin yawansa ma yana iya tsai da zuciya, musamman ga mai ciwon ƙoda.

Saboda haka wajibi ne tafinta a asibiti ya rarrabe tsakanin biyun. Majiyyacin da ya jiƙa kanwa ya sha, sodiyam ya ƙara wa jininsa, cutarsa kuwa tana nan daram.